Naira ta zama haja: yadda taƙaita tsabar kuɗi ya haifar da sabon dillali a Arewa

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya tara 'yan jarida a Abuja ya karanto musu wani lissafi. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, tiriliyan 2.73 ba sa cikin ma'ajiyar kowane banki. Suna aljihun mutane, da akwatunan 'yan kasuwa, da ƙarƙashin katifa, da kuma hannun masu garkuwa da mutane da masu buga jabu. Maganin da ya kawo shi ne a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, a ba kowa wa'adi ya kai tsofaffin banki, daga nan kuma a rage wa jama'a yawan abin da za su iya cira.

Lissafin nasa daidai ne. Inda aka saki hanya shi ne ɗaukar kuɗin da ke hannun jama'a tamkar wanda ya gudu daga gida. Ai don su zauna a hannun mutane ake buga takardun kuɗi, kuma a yawancin ƙasashen duniya mafi yawansu a wajen banki suke. Naira dubun da ta kwana a lalitar mai kayan miya ba ɓoye ta aka yi ba. Gobe da asuba za ta tafi 'Yan Kaba ta sayo kwandon tumatir.

Batun rage amfani da tsabar kuɗi ya girmi Emefiele a kan kujerar. Sanusi Lamido Sanusi ne ya fara gwada shi a Legas a Janairun 2012, lokacin yana gwamnan bankin. Hujjarsa mai ƙarfi ce: buga kuɗi, da ƙirga su, da jigilarsu cikin motoci masu sulke da rakiyar 'yan sanda, duk kashe kuɗi ne, kuma masu cirar manyan kuɗi ƙalilan ne amma kowa ke ɗaukar nauyin hidimarsu. Sai aka sa caji a kan wanda ya ciri abin da ya haura naira 500,000 a rana, kamfani kuma miliyan 3. A Yulin 2013 tsarin ya iso Kano, tare da Abuja da Abiya da Anambra da Ogun da Ribas. Talaka bai ma san ana yi ba, domin ba ya cirar rabin miliyan a rana. A 2014 aka ɓullo da lambar BVN, a Oktoban 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin lantarki na babban bankin. Shekara goma ana tafiya da lallami. Abin da ya zo a ƙarshen 2022 ne ya zo da bulala.

Ranar 6 ga Disamba babban bankin ya fitar da takarda: daga 9 ga Janairu, mutum ba zai ciri fiye da naira 100,000 a mako ba, kamfani 500,000, a na'urar ATM ko wajen mai POS kuwa dubu ashirin a rana. Da ƙasa ta ɗauki ƙara, majalisa ta sa baki, sai aka ɗaga zuwa 500,000 ga mutum da miliyan 5 ga kamfani. Ministar kuɗi, Zainab Shamsuna Ahmed, ta riga ta faɗa wa 'yan majalisar dattawa tun a Oktoba cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta kan canjin kuɗin ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya sha jinin jikinsa.

Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, an ce kuma tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu. Mako bakwai ke nan ba cikakku ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Jama'a suka yi biyayya, suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki, har Shugaba Buhari ya faɗa a jawabinsa na 16 ga Fabrairu cewa an karɓo naira tiriliyan 2.1. Abin da bai fito ba shi ne madadinsu. Alƙaluman babban bankin da kansa sun nuna cewa a Fabrairun 2023 kuɗin da ke yawo a ƙasar gaba ɗaya ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya. A cikin wata huɗu an janye sama da kashi biyu cikin uku na takardun kuɗin da ake ciniki da su.

Duk wanda ya rayu a Najeriya a wannan wata ya san sauran labarin. Layi a bakin ATM tun kafin kiran assalatu, ana rubuta lamba a takarda, rana ta take a ce kuɗi sun ƙare. Wanda ya samu shiga banki a miƙo masa dubu biyu ko dubu biyar daga cikin albashinsa. A Ibadan da Abeokuta da Benin da Warri da Shagamu fushi ya kai ga fasa bankuna da ƙona wasu, an kuma rasa rayuka. Arewa ba ta ƙona banki kamar haka ba, sai dai wannan ba ya nufin ta fi samun sauƙi. Wahalarta ta faru ne a inda kyamarar talabijin ba ta zuwa.

Kasuwar ƙauye

A Maigatari ko Potiskum ko Illela, cinikin sa guda ya haura abin da aka ce mutum ya cira a mako a takardar farko. Bafulatanin da ya koro dabbarsa daga ruga ba shi da asusun banki, sau da yawa ba shi da katin shaidar da za a buɗe masa, kuma ko yana da shi, alat a waya ba zai saya masa dusa da kanwa da gero a rumfar da ke gefensa ba. Shi ciniki a wurinsa shi ne dillali ya haɗa hannu, a ce "Allah ya sa albarka", a ƙirga kuɗi a gaban shaidu, a cire la'ada, kowa ya kama gabansa. Da tsabar kuɗi ta ɓace sai kasuwa ta rabu gida biyu: farashin mai kuɗi a hannu daban, na mai taransfa daban. Wanda ya zo da sababbin takardu ya zama sarki, ya taya yadda ya ga dama, mai dabba kuma ya sallama domin akwai mara lafiya a gida.

Haka manomin rani ya sha. Fabrairu lokacin kakar tumatir ce a Kadawa da Kura, shi kuwa tumatir ba ya jiran natwok ya dawo. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta ce kiret miliyan 15 na ƙwai ne suka rasa masu saye. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da lissafin watanni ukun farko na 2023, bunƙasar tattalin arziki ta sauko zuwa kashi 2.31 cikin ɗari daga 3.52 na watanni ukun da suka gabace su, harkar noma ma ja da baya ta yi, kuma hukumar da bakinta ta ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi.

Babban bankin ya san da wannan gibi, shi ya sa ranar 23 ga Janairu ya ƙaddamar da shirin tura wakilai ƙauyuka su canza wa mutane tsofaffin kuɗi, amma iyakarsa naira 10,000 ga mutum ɗaya, sauran sai dai a buɗe maka asusu a zuba. Kwana takwas kafin wa'adin 31 ga Janairu ya cika ke nan. A Borno mai ƙananan hukumomi 27, galibin rassan bankuna a Maiduguri da Biu suke, kuma akwai ƙananan hukumomi a Yobe da Zamfara da Sakkwato da ba su da reshe ko ɗaya. Har ƙetaren iyaka abin ya taɓa, domin a kasuwannin Maraɗi da Birnin Ƙonni da Diffa naira kuɗin ciniki ce kafaɗa da kafaɗa da sefa, kuma fataken can ba su da bankin Najeriya da za su kai tsofaffin takardunsu sai ta hannun 'yan canji, su kuwa ba kyauta suke aiki ba.

Dattawa sun tuna cewa sun taɓa ganin irin wannan. A Afrilun 1984, Buhari yana mulkin soja, an sauya launin takardun naira, aka rufe iyakoki, aka ba mutane kwanaki ƙalilan. A wancan karon ma masu ɓoye kuɗin sata aka ce ana farauta.

A 2023 kuwa zaɓe ya ƙarato, saboda haka siyasa ta shigo da ƙarfinta. Ba a ɓoye ba cewa ɗaya daga cikin manufofin shi ne hana sayen ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu. Ɗan takarar jam'iyya mai mulki, Bola Tinubu, ya tsaya a Abeokuta ya ce da shi ake. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu 'yan APC, suka maka gwamnatin jam'iyyarsu a Kotun Ƙoli, daga baya Kano da Katsina da Sakkwato da Legas da wasu suka bi sahu. Kotu ta ce a dakata, fadar shugaban ƙasa ta yi kunnen uwar shegu, Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai ya yarda ta ci gaba da yawo. Gwamna Nasir El-Rufai ya fito ya ce wa mutanen Kaduna su ci gaba da karɓar tsofaffin 500 da 1,000. Mai shayi ya rasa maganar wa zai bi, ta shugaban ƙasa ko ta gwamna ko ta alƙali. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Babban bankin bai bi ba sai bayan kwana goma. A Nuwamba kotun ta cire wa'adin ɗungurungum, shi ya sa har yau dubu ɗaya iri biyu ke aljihunmu. Emefiele kuwa an dakatar da shi a Yunin 2023, daga baya EFCC ta gurfanar da shi kan tuhume-tuhumen da suka haɗa da batun canjin kuɗin, wanda ya musanta.

Ko an hana sayen ƙuri'a? An dai canza masa kama. Inda babu takardar dubu, taliya da atamfa da sabulu da taransfa sun yi aikin, kuma ana gobe zaɓe 'yan sanda suka kama wani ɗan majalisar wakilai a Fatakwal da kusan dala 500,000. Garkuwa da mutane ma ba ta tsaya ba. Mai bindiga a daji bai rasa abin nema ba: in babu naira, akwai babur da buhun shinkafa da katin waya.

Wanda ya ci ribar

Duk da haka, ƙarya ne a ce ba abin da ya canza. Cikin 'yan makonni, mai nama da mai rake da direban adaidaita sahu suka rubuta lambar asusu a kwali suka rataye. Manhajojin manyan bankuna suka kasa ɗaukar cunkoson. Sai a cire maka kuɗi bai shiga wa wanda ka tura wa ba, ka je banki a ce ka cike fom ka dawo bayan kwana bakwai na aiki. Wannan ƙofa ce OPay da Moniepoint da PalmPay suka shigo ta cikinta, domin nasu taransfa yana shiga kafin mai shago ya gama ɗaure leda, kuma buɗe asusu ba ya bukatar a sa babbar riga a je reshe. Hukumar NIBSS, wadda ke haɗa hada-hadar bankuna, ta ce kuɗin da aka tura ta hanyar lantarki ya tashi daga naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa tiriliyan 600 a 2023. Ita kuwa eNaira ta gwamnati, wadda aka yi tsammanin wannan ce ranarta, ko a lokacin tsananin ba a waiwaye ta sosai ba. Wani nazari na asusun IMF a 2023 ya gano cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusunta ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. Mutane sun bi abin da ya yi musu aiki ne, ba abin da aka ƙaddamar da biki ba.

Amma babban wanda ya gaji wannan rikici shi ne saurayin nan mai lema da teburi da na'ura a bakin titi. Sana'ar POS ta girmi 2023, sai dai a watannin nan ne ta gane ƙarfinta. A lokacin da abin ya yi tsanani, akwai wuraren da sai ka bar dubu ɗaya ko dubu biyu kafin a miƙo maka dubu goma. Ma'aikaci ya sayi albashinsa, 'yar fansho ta sayi fanshonta. Tambayar ta yi ta zuwa wa malamai a wuraren karatu: sayen naira da naira da ƙari, riba ce ko ladan aiki? Cajin ya sauko bayan kuɗi sun dawo, amma ɗabi'ar ta zauna. Yau a yawancin unguwanni da garuruwan Arewa, in aka ce za a ciro kuɗi, wajen mai POS ake nufi. ATM ɗin da ke jikin banki sau da yawa a bushe yake, mai lema kuma yana zaune taku goma daga wurin da damin sababbin takardu.

Ba daidai ba ne a mayar da shi mugun labarin. Ya kai hidimar kuɗi inda banki bai taɓa tunanin zuwa ba, yana buɗe har dare, ya san kowa da sunansa, kuma dubban matasan da suka gama makaranta ba aiki a nan suke samun na tuwo. Shi ma yana cikin haɗari, ga ɗan fashi, ga mai alat na bogi, ga kuɗin da kan maƙale tsakanin bankuna ya bar shi da rigima da maƙwabci. Abin dubawa shi ne wanda ke biyan wannan hidima. Attajirin Kantin Kwari da ke tura miliyan goma Legas ta waya, 'yan nairori kaɗan ake cire masa. Matar da ɗanta ya turo wa dubu biyar daga Fatakwal, ita ce za ta bar ɗari ko ɗari biyu a kan teburi kafin ta riƙe kuɗinta. In aka auna da abin da kowa ya samu, ta fi shi biya nesa ba kusa ba.

Wani abin mamaki kuma, gwamnatin da ke roƙon mutane su bar tsabar kuɗi ita ce ke bin taransfa da haraji. Akwai naira 50 a kan duk dubu goma ko fiye da aka tura, wadda aka faɗaɗa ta har kan su OPay da Moniepoint a Disambar 2024. Akwai naira 6.98 ta amfani da lambobin USSD, hanyar da mai ƙaramar waya ya dogara da ita. Akwai kuɗin saƙon alat da na kula da kati. A Mayun 2024 har an sanar da wani harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai da aka yi ca kafin a janye shi. Takardar naira ɗari biyar kuwa, in ta bi hannu ashirin a kasuwa, ɗari biyar ɗinta take.

Sannan akwai waɗanda lissafin bai taɓa haɗawa da su ba. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 47 cikin ɗari na manya a Arewa maso Yamma ba sa mu'amala da kowace irin hidimar kuɗi, a Arewa maso Gabas kashi 38, alhali a Kudu maso Yamma kashi 5 ne kacal. Da yawa daga cikinsu mata ne. Matar da ke cikin gida tana ƙuli-ƙuli ko ɗan wake, jarinta naira hamsin-hamsin ne da yara ke dawowa da su daga talla, ajiyarta adashe ne da asusun ƙasa. In aka ce ta karɓi taransfa, galibi a wayar miji ko ta ɗa zai sauka, ka ga sirrin 'yan kuɗinta ya bar hannunta ke nan. Almajiri da makaho da ɗan garuwa da mai turin baro duk da canji suke rayuwa, kuma a watan da kuɗi suka ɓace, sadaka ce ta fara ɗaukewa. Wasu kuma gudun kuɗin ruwa ne ya nisanta su da banki tun asali, ko da yake zuwan bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, Jaiz a 2012, da TAJ da Lotus daga baya, ya rage wannan uzuri a birane.

Kada a manta da natwok. A Satumbar 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wuraren har tsawon watanni. Mutumin da ya ga haka da idonsa, yaya za a shawo kansa ya zuba duk abin da ya mallaka a cikin waya?

Najeriya ba ita ta fara ba, kuma darasin yana nan a fili tun kafin ta fara. A Nuwambar 2016 Indiya ta soke takardun rupi 500 da 1,000 cikin dare ɗaya don kama kuɗin haram, daga ƙarshe sama da kashi 99 cikin ɗari suka dawo banki, ba a kama wani abin kirki ba. Kenya kuwa ta janye takardar shilin 1,000 a 2019 cikin wata huɗu ba tare da hayaniya ba, domin M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da ta fara a 2007, ta riga ta shiga ƙauyuka, kuma ba wanda aka tilasta wa shigarta.

Yau takardun kuɗin da ke yawo a Najeriya sun fi na ranar da Emefiele ya yi jawabinsa yawa. Zuwa ƙarshen 2024 sun haura naira tiriliyan 5, sama da kashi 90 cikin ɗari kuma a wajen bankuna. Hauhawar farashi na da hannu a ciki, tunda dubu ɗaya ba ta sayen abin da take saya a da, amma akwai kuma tsoro: wanda ya taɓa kwana a layi yana roƙon kuɗinsa ba zai sake kai su duka ba. Babban bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso yana ta ɗaure nan yana kwance can. A Disambar 2024 ya ƙayyade wa masu POS naira 100,000 ga kowane mutum a rana, da miliyan 1.2 jimillar abin da wakili ɗaya zai fitar. A Janairun 2025 ya ci bankuna tara tarar naira miliyan 150 kowanne saboda barin ATM ɗinsu babu kuɗi a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara.

Sai dai kuɗin sun riga sun koyi wata hanya da ba ta bi ta ƙofar banki. Gidan mai da babban ɗan kasuwa da ke tara tsaba da yamma ba sa wahalar kai ta reshe su bi layi. Mai POS ne zai zo ya karɓa, ya tura musu ta waya har da ɗan ƙari, gobe da safe ya sayar wa unguwa. Daga unguwa kuɗin su koma kasuwa da gidan mai, da yamma a sake sayar masa da su.